Ɗurin Harsashin Barewa na Bana: Daga Agusta Zuwa Nuwamba

Asabar, 10 ga Agusta, 2024

Babbar farautar barewa da bindiga a jihar Wiskonsin ta Amurka kwana tara ce kacal a shekara, tana buɗewa ranar Asabar ta ƙarshe kafin bikin godiya na Amurkawa. Bana ta faɗo daga 23 ga Nuwamba zuwa 1 ga Disamba. Ke nan wata uku da 'yan kai suka rage in haɗa harsashin da zuciyata za ta kwanta da shi.

Bindigar dai ita ce ta kullum, .308 Winchester mai sakata, tsawon bututunta inci 22, tsagin cikinsa kuma yana juya ƙwayar harsashi zagaye ɗaya a kowane inci 10. Tun 1952 wannan harsashi yake kasuwa, saboda haka babu irin albarushi ko ƙwayar da ba a gwada masa ba. Inda nake farauta kudu maso yammacin jihar ne, ƙasar tuddai da kwazazzabai da kurmin itatuwa, inda da wuya ka hangi barewa nesa da yadi 150. Yawanci tsakanin yadi 40 ne da 100. Wannan tazarar ita za ta yanke mini kowace shawara, ba abin da masu harbin nesa ke yayi ba.

Abin da ya sauya bana ɗaya ne: ina so in bar ƙwayar harsashi mai dalma. Naman nan yarana ke ci, har kilishi maman yara take yi da shi.

Ga wanda bai san aikin ba, harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, firaima wadda ke gindin kwanson tana kunna wuta, albarushi, sai ƙwayar da ke fita. Kwanson ba ya ƙarewa da harbi ɗaya, ana mai da shi girmansa a sake ɗura shi. A nan doka ta yarda mutum ya ɗura wa kansa. A Najeriya kuwa haɗa harsashi ba tare da izinin hukuma ba laifi ne babba, don haka kada wani ya karanta wannan a gida ya ce zai kwaikwaya.

Yau kwanso kawai na taɓa. Na wanke, na matse su suka koma girmansu, na datse waɗanda suka miƙe. Iyakar tsawon kwanson .308 inci 2.015 ne, ana datse shi zuwa 2.005. Na ware na kamfani ɗaya, na ajiye kwanson soja gefe, domin ya fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci, albarushin da ya zauna lafiya a wancan sai ya yi masa yawa.

Asabar, 24 ga Agusta

Albarushi. Duk rigimar a kan saurin cinsa take. Kamar wutar ƙirare ne da ta gungume: wani ya kama nan take ya ƙare, wani ya ɗauki lokaci yana ci. Na ƙaramar bindiga mai saurin ci ne ƙwarai, in ka zuba shi cike da kwanson babbar bindiga, ƙarfe zai tarwatse a fuskarka. Mai jinkiri sosai kuma, kwanson .308 ba shi da cikin da zai ɗauki isasshe, sai ƙwayar ta fita ba ƙarfi. H4350, wanda masu bindigogin .30-06 da 6.5 Creedmoor ke rububi, yana cikin waɗanda suka yi wa ƙaramin kwansona jinkiri. Matsakaita nake nema: Varget, IMR 4064, H4895, Reloder 15 ko N140 na Vihtavuori da ake yi a ƙasar Finlan.

Sunayen nan suna da tarko. H4895 daban, IMR 4895 daban, duk da lambar ɗaya ce. Haka 4350 kamfanoni uku ke da mai wannan lamba. Shi ya sa gwangwani ɗaya tak nake ɗorawa a kan tebur, sauran suna cikin kabad a rufe, kuma ba na barin albarushi ya kwana a cikin mazubi. Asalin lambar 4895 ma daga albarushin sojan Amurka ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Rarar da ta rage bayan yaƙi Bruce Hodgdon ya saya a 1947 ya fara sayarwa, daga nan kamfanin Hodgdon ya taso.

Na tsaya a kan biyu, Varget da IMR 4064. Varget a Ostareliya ake yin sa, kuma an gina shi don kada zafi ko sanyi su sauya masa hali sosai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai gwada harsashi cikin gumin Satumba ya harba shi cikin ƙanƙarar Nuwamba. IMR 4064 tsohon hannu ne, ya daɗe yana yi wa .308 da .30-06 aiki, sai dai sandunansa dogaye ne, in kana juya hannun mazubi za ka ji yana datsa su ƙaras-ƙaras, awon kuma ba ya fita daidai kowane zubi. Ni wannan bai dame ni ba, don kowane ɗuri sai na ɗora shi a sikeli, in cike gibin da tsinke-tsinke. Akwai kuma wani gwangwanin albarushi mai dunƙule-dunƙule da ya rage mini tun shekarun 2020 da 2021, lokacin da firaima da albarushi suka yi ɓatan dabo a shaguna, kowa na sayen abin da ya samu. Zan sa shi cikin gwaji a matsayin na uku.

Awon nan da giren ake yi. Giren 7,000 ne a fam ɗaya, giram ɗaya kuma ya ɗan haura giren 15. Fam ɗaya yana ba da harsashin .308 kamar 150 da ɗoriya. Ba zan rubuta yawan giren ɗin da nake zubawa ba, da gangan. Abin da ya zauna lafiya a bindigata yana iya yi wa ta wani yawa. Littafin kamfanin da ya yi ƙwayar da na kamfanin albarushin su ne alƙalai, a fara daga mafi ƙanƙanta.

Na kan tuna maharbanmu na gida masu harbi-ruga, da yadda suke auna albarushi a tafin hannu su dunƙula tsumma su danna. Wancan baƙin albarushi ne mai hayaƙi. Wannan marar hayaƙi matsinsa ya ninka wancan nesa ba kusa ba, a .308 ma iyakar da aka yarda ta kai fam 62,000 a kowane murabba'in inci. Bututun bindigar maƙera ba zai ɗauka ba ko kaɗan.

Asabar, 7 ga Satumba

Ƙwaya ita ce ke taɓa dabba. Albarushi tura ta kawai yake yi. Mutane kan kwashe wata suna gardamar albarushi, su sayi ƙwaya saboda kyan kwalinta, alhali nan ne ya kamata a daɗe.

Na ranto zarton ƙarfe wurin wani dattijo maƙwabcina, wanda ya fara farauta tun kafin a haife ni, na raba ƙwayoyi iri-iri biyu a tsaye don in ga cikinsu. Ta gargajiya dalma ce a cikin siririyar rigar jan ƙarfe. Irin su Core-Lokt na Remington, tun 1939, da InterLock na Hornady da GameKing na Sierra. Barewar da wannan iri ya kayar a Amurka ba ta ƙirguwa, kuma duk wanda ya ce ba ya aiki bai yi adalci ba. Partition ta Nosler kuwa in ka raba ta sai ka ga katanga a tsakiya, dalma a gaba, dalma a baya. John Nosler ya ƙirƙiro ta ne bayan 1946, da ya harbi wani ƙaton mus, dabba dangin barewa da ta fi ta girma nesa, mai laka a jiki a Kanada ƙwayar ta kasa shiga, ya fara sayar da ita a 1948. Gabanta ya buɗe, bayanta ya ci gaba da kutsawa. Sai irin AccuBond, da aka manne dalmar da rigar don kada su rabu. Ta ƙarshe ita ce ta jan ƙarfe zalla, irin TTSX ta Barnes: babu dalma ko ɗigo, rami ne a hancinta da ɗan tsinin roba a kai.

Masu harbin gasa suna da tasu ƙwayar, irin MatchKing, wadda ke tara harbi wuri ɗaya abin sha'awa, amma kamfanin da kansa bai ba da shawarar a yi farautar manyan dabbobi da ita ba. Mai rufaffen hanci irin ta soja kuwa, wadda ba ta buɗewa, dokar Wiskonsin ta hana a harbi barewa da ita.

Dalilin da ya sa na karkata ga jan ƙarfe bincike ne da hukumar albarkatun ƙasa ta Minesota ta yi a 2008. Sun harbi gawarwakin tumaki da ƙwayoyi daban-daban suka ɗauki hoton ciki. Masu saurin fashewa sun watsa ɓurɓushin dalma har fiye da ƙafa ɗaya daga inda ƙwayar ta bi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. In an niƙa naman, sai su bazu cikin duka. Dalma kuwa babu wani adadi nata da likitoci suka ce ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Ga kuma kayan cikin da muke bari a daji: gaggafa mai farin kai tana sauka ta ci, kuma cibiyar kula da tsuntsaye ta Jami'ar Minesota ta daɗe tana karɓar waɗanda gubar dalma ta kwantar, musamman bayan lokacin farauta. Kalifoniya ta hana farauta da dalma baki ɗaya tun 1 ga Yuli, 2019. Wiskonsin ba ta hana wa masu barewa ba. Zaɓi ne, ni kuwa na zaɓa.

Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka ƙwayarsa ta giren 150 ta fi ta dalma mai nauyi ɗaya tsawo, tana shiga cikin kwanso ta cinye wa albarushi wuri. Sannan gudu take so. In ya sauka ƙasa da wajen ƙafa 2,000 a sakan, buɗewarta ta fara raguwa. Shi ya sa masu ita ke cewa a sauko da nauyi: mai harba 165 ko 180 na dalma ya koma 150 ko 130. Na ɗauki 150.

Lahadi, 15 ga Satumba

Bayan azahar na tsayar da malaminmu a ƙofar masallaci.

"Allah gafarta Malam, barewar da harsashi ya kashe kafin in iso da wuƙa, yaya matsayinta?"

Ya ce in dai na yi niyya na ambaci sunan Allah lokacin da zan ja kunama, kuma ƙwayar ta huda ta zubar da jini, ta halatta. Ya kawo hadisin Adiyyu ɗan Hatim a kan sandar farauta: abin da ta huda da tsininta a ci, abin da ta buge da faɗinta ya mutu kada a ci. In kuma na tarar da ita da sauran rai tabbatacce, to wajibi ne in yanka. Ya ƙara da cewa, "Malam, ka dai kyautata kisan. Kada ka bar baiwar Allah tana yawo da rauni a daji."

Maganar nan ta ƙarshe ita ce ma'aunin aikin duka. Ƙwayar da nake nema ita ce wadda za ta shiga, ta buɗe, ta ratsa huhu biyu, ta fita ta ɗaya gefen.

Lahadi, 22 ga Satumba

Ranar farko a filin gwaji. Kafin in fita na wanke bututun tas da ruwan cire jan ƙarfe, don ragowar tsohuwar riga kan hana sabuwar ƙwaya zama. Kowane albarushi na fara shi daga ƙasan littafi ina hawa da rabin giren, na rubuta awon a jikin kowane kwanso da alƙalami. Na'urar auna gudu tana gefe.

Bayan kowane harbi kwanson nake duba kafin takardar saiti. Firaima in ta baje gefenta ya daina zagaye, ko wani ɗan tabo mai ƙyalli ya fito a gindin kwanso, ko sakata ta yi tauri wajen ɗagawa, matsi ya yi yawa ke nan. Amma waɗannan alamu kan makara. Na'urar ta fi su gaskiya: in gudunka ya wuce na littafi alhali bututunka bai fi nasu tsawo ba, to matsinka ma ya wuce, ko kwanso bai nuna ba.

Varget da IMR 4064 duka sun kai ni wajen ƙafa 2,750 zuwa 2,800 ba tare da wata alama ba. Na tsaya kafin in kai ƙololuwar littafi. Wani saurayi a benci na kusa ya leƙo ya ce ai da sauran wuri, in ƙara. Ƙafa hamsin da zan samu a can sama barewar da ke yadi 80 ba za ta san da ita ba, kwanso da bindiga ne za su biya.

Asabar, 5 ga Oktoba

Zurfin zaman ƙwaya. Barnes suna ba da shawarar a fara da tazarar inci 0.050 tsakanin ƙwayar da farkon tsagin bututu, irin wannan ƙwaya ba ta son a manna ta. Gidan harsashin bindigata ma ba ya ɗaukar abin da ya wuce inci 2.8 da kaɗan, don haka babu wurin wasa da yawa. Da na ɗan ƙara nutsar da ita, harbin Varget ya taru cikin kamar inci ɗaya a yadi 100. Na 4064 ya ɗan fi shi matsewa. Ban ɗauki wannan bambanci da muhimmanci ba. Huhu da zuciyar barewa sun kai faɗin inci takwas.

Asabar, 19 ga Oktoba

Gani ya kori ji. Na jera galan-galan na madara cike da ruwa a kan katako a gonar dattijon nan, na koma yadi 100. Na harba tsohuwar ƙwayar dalmata a layi ɗaya, ta jan ƙarfe a ɗaya layin.

Ta dalmar ta fasa galan na farko da na biyu kaca-kaca, ta tsaya ba da nisa ba. Ta buɗe da kyau, amma da na tace ruwan da farin ƙyalle sai ga toka-tokan ɓurɓushi ya kwanta a kai, wasu kamar ƙura, in ka murza da yatsa su bar baƙi. A sikeli ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Ta jan ƙarfen ta wuce ta da nisa kafin ta tsaya. Hancinta ya tsage gida huɗu ya lanƙwasa baya, kowane gefe da kaifi har ya ja mini zare a safar hannu, gindinta kuwa sumul da zanen tsagin bututu a jiki. Abin da ta rasa bai wuce tsinin robar ba. Ƙyallen ya fito fari.

Dattijon ya juya ta a tafin hannunsa ya daɗe. Ya ce shi dai ba zai bar abin da ya saba da shi shekara hamsin ba, amma ya roƙi in bar masa wannan ya nuna wa jikansa. Ya kuma gargaɗe ni da abin da na riga na sa a rai: ƙwayar da ke ratsawa haka tana fita da sauran ƙarfi, sai na tabbatar da abin da ke bayan dabbar kafin in harba. Ni daga kan bishiya nake harbi, harbin kuwa ƙasa yake nufa, wannan ya rage damuwar.

Na kawo ƙyallen gida na shimfiɗa wa maman yara a tebur. Ta dube shi ta ce, "Maigida, wannan muke ta ci?" Na ce ina yanke wurin raunin da faɗi in zubar tun da can, amma daga bana babu ma abin yankewa saboda dalma.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Gwajin sanyi. Na kwanar da harsasai a firiza, wadda ke kan digiri 18 ƙasa da sifili, na kai su fili cikin kula da ƙanƙara, ina ɗauko ɗaya in harba nan take kafin ya ɗumama. Sauran kuma suna aljihun rigata.

Na dunƙule-dunƙulen nan ya sauke gudu sosai, har wurin faɗuwar ƙwayar ya sauka a takarda. Na cire shi daga lissafi. IMR 4064 ya sauka kaɗan. Varget da ƙyar na ga bambanci. Tunda ƙwayata da gudu take aiki, kuma safiyar buɗe farauta a nan takan zo da sanyin da ke sandarar da yatsu, Varget ya ci, duk da ɗayan ya fi shi tara harbi a Oktoba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na ɗura na farauta, kowanne da awon sikeli, firaima CCI 200, kwanso iri ɗaya. Kafin in ɗora ƙwaya na haska tocila a kan tiren na bi su layi-layi, don in ga albarushi ya kai wuri ɗaya a kowane kwanso. Wanda babu albarushi a ciki firaima kaɗai kan iya tura ƙwayarsa ta maƙale a bututu, harbi na gaba kuma ya zama masifa. A fili na bi da kowane harsashi ta cikin bindigar, baki na kallon tudun ƙasa, in tabbatar sakata tana rufuwa ba gardama.

Saiti na bar shi inci ɗaya da rabi sama da tsakiya a yadi 100, hakan ya ishe ni har kusan yadi 200 ba tare da ɗaga hannu ba. Abin da na fi kula da shi harbin farko ne daga bututu mai sanyi, domin shi kaɗai daji ke ba ka. Daga nan na bar benci, na sa riga mai kauri mai launin lemo, irin launin da doka ke nema ga mafarauta, da safar hannu, na yi harbi a zaune da kuma jingine da sanda. Harbin ya buɗe zuwa kamar inci uku. Wannan shi ne ainihin gwargwadona, kuma a kansa na sa wa kaina iyaka: ba zan wuce yadi 150 ba. Ban sake wanke bututun ba, haka zai tafi daji.

Talata, 26 ga Nuwamba

Alhamdu lillahi. Jiya da hantsi wata babbar mace ta fito daga kwazazzabo ta tsaya a karkace, kamar yadi 70. Ina da takardar izinin harbin mace. Na jira ta ɗaga ƙafar gaba ta matsa, na yi bisimilla, na sa mata a bayan kafaɗa. Ta zabura ta yi gudu kamar yadi 40 ta faɗi ina kallo. Da na sauko na isa, rai ya riga ya fita.

Wajen feɗewa na duba aikin ƙwayar da kyau. Ta karya haƙarƙari ɗaya wajen shiga, ta ratsa huhu biyu ta lalata su, ta fita ta gaban ɗaya kafaɗar da rami kamar faɗin babban yatsa biyu. Jini ya zuba ta gefen fitar tun daga taku na farko, ko da ta shige kurmi ba zan wahala wajen bin sawu ba. Naman da ya ɓaci kaɗan ne, bai kai abin da na saba zubarwa ba. Masu cewa jan ƙarfe ba ya kayar da dabba nan take suna da ɗan abin faɗa, ta yi gudu. Amma barewar da aka harba a huhu da dalma ma takan yi irin wannan gudun, kuma dabba ɗaya ba ta isa a yanke hukunci a kan ƙwaya ba.

Na yi mata rajista ta waya kafin wa'adin ƙarfe biyar na yammacin washegari. Kan kuma na kai wurin ajiyar samfur na hukumar, saboda cutar CWD mai lalata ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka fara ganowa a jihar a 2002 kuma ta fi yawa a wannan yankin namu. Gwajin kyauta ne, sakamakon kan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu. Naman yana firiza a leda daban da kwanan wata a jiki, babu mai taɓa shi sai sakamako ya fito. In ya fito da cutar, zubarwa za a yi.

Ragowar harsasan na mayar cikin akwati da takardar awonsu. Bayan hunturu zan gwada ta giren 130 da H4895, don babban ɗana ya gama kwas ɗin koyon farauta, kuma yana bukatar abin da ba zai doke masa kafaɗa da yawa ba.